Yadda ake neman aiki a Japan idan Japanancinka bai wuce gaisuwa ba

A watan Agustan 2025, ana tsakiyar taron TICAD na Japan da ƙasashen Afirka karo na 9 a Yokohama, labari ya karaɗe wayoyin jama'a cewa Japan ta ware wa 'yan Najeriya gari guda mai suna Kisarazu, har da biza ta musamman ga masu son zuwa aiki. Ghana ma aka ce an ba ta Sanjo. Kafin kiftawa da bismilla samari sun fara tambayar kuɗin jirgi. Sai gwamnatin Japan ta fito ta ce ba ta san da zancen wata biza ba, shiri ne na zumunci tsakanin garuruwa, kuma a watan Satumba hukumar JICA ta Japan mai tallafa wa ƙasashen waje, wadda ta ƙirƙiro shirin, ta soke shi ɗungurungum.

Amma buƙatar ma'aikata a can gaskiya ce. Kusan mutum uku cikin goma a ƙasar sun kai shekara 65 ko sun haura, haihuwa ta ja baya, kuma a watan Oktoban 2024 baƙin da ke aiki a Japan sun kai miliyan 2.3, mafi yawansu daga Vietnam da Sin da Filifins. Abin da ba a faɗa wa mai shirin tafiya shi ne kowanne cikinsu ta wata ƙofa mai suna ya shiga, kuma wanda ba ya jin harshen, ƙofofin da suka rage masa ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba.

Matakin farko: ka zaɓi ƙofa kafin ka nemi aiki

Japan ba ta da bizar da za a ce maka ga ta, je ka yi duk aikin da ka samu. Kowane izinin aiki a ɗaure yake da irin aikin da aka ba da shi dominsa. Wanda ya shiga a matsayin injiniya ba shi da hurumin wanke kwanuka a gidan abinci, ko da kuwa mai gidan abincin na roƙonsa. Don haka ka baje takardunka a tabarma tukuna, ka ga wace ƙofa suke buɗewa.

Idan kana da digiri, ƙofarka ita ce wadda ake taƙaita sunanta da gijinkoku, izinin injiniyoyi da ma'aikatan ofis da masu hulɗa da ƙasashen waje. Sharaɗinta digirin jami'a, ko shekara 10 na gogewa a fannin, kuma aikin ya dace da abin da ka karanta. Ba a rasa kamfanonin da ke ɗaukar wanda ba ya jin Japananci ta wannan hanya, amma kusan dukkansu a fannin kwamfuta suke. Rakuten ya mai da Turanci harshen aikinsa tun 2012, Mercari ma na ɗaukar masu rubuta manhaja da Turanci, haka ƙananan kamfanoni da yawa a Tokyo da Fukuoka. Sai dai su ba ɗan koyo suke nema daga ƙetare ba. Wanda ya yi shekara uku ko fiye yana aikin, yana da abin da zai nuna, shi ake kira. Mai digirin tattalin arziki ko aikin jarida da ba ya jin harshen, gaskiya ɗaya ce, wannan ƙofa a rufe take gare shi har sai ya koya, domin aikin ofis a can takarda ne da waya da taro, duk da Japananci.

Ƙofa ta biyu koyar da Turanci, ko dai a matsayin mataimakin malami a makarantun gwamnati, abin da suke kira ALT, ko a makarantun hira masu zaman kansu da ake kira eikaiwa. A nan ɗan Najeriya da ɗan Ghana suna da wata riba da ba kowa ya san da ita ba: izinin koyar da harshen waje a makarantun gwamnati yana neman mutum ya yi karatu na shekara 12 da wannan harshe, mu kuwa daga firamare har jami'a da Turanci aka karantar da mu. Abin da za ka yi shi ne ka koma makarantunka na firamare da sakandare su rubuta maka wasiƙa mai hatimi cewa da Turanci ake koyarwa. Ka fara wannan zirga-zirga da wuri, kowa ya san yadda neman tsohuwar takarda yake a makarantunmu. Kada kuma in ɓoye maka, masu ɗaukar malamai da yawa sun fi karkata ga fasfon Amurka da Ingila da Ostireliya, wasu ma ba za su amsa wasiƙarka ba. Ana dai samu, sai dai mutum ya tura da yawa, ya kuma gyara lafazinsa ya zama a fili, ba gudu ba haɗiye kalma. Albashin yakan tsaya wajen yen 250,000 a wata ko ƙasa da haka, kuma ba ya cika ƙaruwa. 'Yan'uwanmu na Nijar da Chadi masu Faransanci, kasuwar koyar da shi ƙarama ce ƙwarai, kada a ɗora buri a kanta.

Ta uku karatu, kuma ni a ganina ita ce mafi inganci ga mafi yawan masu karanta wannan. Akwai tallafin gwamnatin Japan na MEXT da ake nema ta ofishin jakadanci, yana biyan kuɗin makaranta da na jirgi, ga alawus na wata da ya haura yen 140,000 ga masu digiri na biyu da na uku. Akwai kuma shirin ABE da aka ƙaddamar a taron TICAD na 2013 domin matasan Afirka, digiri na biyu da Turanci haɗe da sanin makamar aiki a kamfanin Japan. Wanda bai samu tallafi ba yana iya biyan makarantar koyon harshe da kansa, har tsawon shekara biyu, a kan kusan yen 700,000 zuwa 900,000 a shekara. Ɗalibi na iya karɓar izinin aikin wucin gadi na awa 28 a mako, a lokacin dogon hutu kuma har awa 8 a rana.

A nan ne ake samun ayyukan nan da kake ji ana cewa ba sa buƙatar harshe: jera abinci a kwali a masana'anta cikin dare, rarrabe kaya a ɗakunan ajiya, gyaran gado a otal, wanke-wanke a bayan gidan abinci. Suna nan birjik, amma ka lura da wannan sosai, ba a ba da bizar ƙwararru saboda su. Ɗalibai ne ke yin su, da iyalan ma'aikata masu izinin awa 28, da waɗanda suka auri 'yan ƙasa ko suka samu zaman dindindin. Ka kuma yi lissafi da idon basira. Mafi ƙarancin lada a Tokyo a Oktoban 2025 yen 1,226 ne a awa. Awa 28 sau huɗu ya ba ka kimanin yen 137,000 a wata. Wannan zai biya ɗaki da abinci da jirgin ƙasa, da ƙyar ya taɓa kuɗin makaranta, balle a yi maganar aike gida. Wanda ya zarce awa 28 a ɓoye kuwa, ranar sabunta izini takardun haraji za su tona shi.

Ta huɗu ita ce tokutei gino, izinin masu sana'ar hannu da aka buɗe a Afrilun 2019: kula da tsofaffi, gini, noma, sarrafa abinci, gidajen abinci, otal, gyaran mota da sauransu. Ba ya neman digiri. Yana neman abu biyu, jarrabawar sana'ar da kuma Japananci matakin N4, hawa na biyu daga ƙasa a jarrabawar harshe ta JLPT, ko jarrabawar harshe ta JFT-Basic. Matakinsa na farko shekara biyar ne, ba a zuwa da iyali. Na biyu ana sabuntawa kuma ana ɗauko iyali. Cikas ɗinsa gare mu shi ne jarrabawar sana'ar a Japan ake yin ta da ƙasashen Asiya. Shi ya sa hanyar da ta fi miƙewa ita ce mutum ya shiga da karatu, ya ci jarrabawar yana can, sannan ya sauya izini.

Akwai kuma hanyoyin da ejan zai nuna maka waɗanda ramuka ne. Bizar ziyara ba a aiki da ita, wanda ya zarce wa'adinsa kuma tsarewa ce da kora da haramcin dawowa na shekara biyar. Neman mafaka da labarin ƙarya ya fi muni: a 2023 mutum sama da 13,000 suka nema, 303 kacal aka amince da su, kuma tun Yunin 2024 ana iya korar wanda ya nema karo na uku. Masu tunanin buɗe kamfanin fitar da motocin hannu su sani an ɗaga jarin da ake nema daga yen miliyan 5 zuwa miliyan 30 a Oktoban 2025.

Mataki na biyu: fara harshen yau, ba sai ka sauka ba

Daga ranar da ka fara nema zuwa ranar hawa jirgi, da wuya a yi ƙasa da wata shida, sau da yawa shekara ce. Wannan lokaci ya ishi mai himma ya kai N5, ya doshi N4. Jarrabawar JLPT hawa biyar ce, N5 a ƙasa, N1 a ƙololuwa, ana yin ta a watan Yuli da Disamba, wasu cibiyoyin na waje sau ɗaya kawai a shekara. Kamfanonin da ke aiki da Japananci N2 suka fi nema.

Ka fara da baƙaƙen hiragana 46 da katakana 46. Wanda ya haddace baƙi da farfaru a makarantar allo ba zai ce waɗannan sun gagare shi ba, mako biyu zuwa uku sun isa. Kada ka koyi harshen da rubutun boko, zai zame maka sanda da ba za ka iya yarwa ba. Katakana ma riba ce nan take, domin da ita ake rubuta kalmomin aro daga Turanci, sai ka ga kana karanta rabin allon kanti. Kanji, baƙaƙen da suka aro daga Sinanci, su ne dutsen: 2,136 ne na amfanin yau da kullum, amma N4 wajen 300 yake buƙata. Bahaushe na da sa'a ta wajen furuci, wasulansu biyar ne kamar namu, suna bambanta dogon wasali da gajere, suna kuma ninka baƙi kamar yadda muke bambanta kaba da kabba a baki. Darussan Irodori na Japan Foundation kyauta ne a intanet, kuma don masu zuwa zama da aiki aka tsara su, da sautin da za ka saukar a waya. Awa ɗaya bayan asuba kullum ta fi awa bakwai ranar Lahadi.

Mataki na uku: takardu da tura buƙata

Ka haɗa fasfo mai sauran wa'adi, asalin shaidar digiri da sakamakon jarrabawa, wasiƙun wuraren da ka yi aiki masu nuna shekaru da irin aikin, da hoto mai kyau cikin shiga ta kamala. Ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a ko'ina. Muhammad a fasfo, Mohammed a digiri, Muh'd a wasiƙar aiki, wannan abin da muke ɗauka ba komai ba yana iya tsayar da fayil a can.

Kamfanin da ke aiki da Turanci takardar tarihin aiki irin wadda ka sani ta ishe shi. Na Japananci kuwa biyu yake so, rirekisho mai tsayayyen fasali da hoto a kusurwa, da shokumu keirekisho inda ake zayyana ayyukan da aka yi. Game da harshe, rubuta gaskiya. "Ina matakin N5, zan zauna N4 a Disamba" ya fi "ina ji kaɗan-kaɗan" daraja, domin za a gwada ka a minti na farko.

Wuraren dubawa: TokyoDev da Japan Dev ga masu kwamfuta, GaijinPot ga koyarwa da ayyukan baƙi, Daijob da CareerCross ga masu harshe biyu, sai LinkedIn. A kowace sanarwa ka nemi layi biyu kafin ka ɓata lokacinka, ko suna karɓar mai nema daga wajen Japan, da ko za su tsaya maka a biza. Mafi yawan sanarwar na waɗanda ke cikin ƙasar ne. Shekarar karatu da ta aiki a watan Afrilu take farawa, saboda haka masu ɗaukar malamai tun daga kaka suke tattara sunaye.

Mataki na huɗu: intabiyu da kwantiragi

Tokyo ta riga Kano da Yamai da awa takwas, ta riga Accra da tara. Ƙarfe goma na safe a can ƙarfe biyun dare ne a nan. Ka tanadi caji da data ta layi biyu, ka shiga minti biyar kafin lokaci. A wurinsu makara ba ta da uzuri, ɗauke wuta ma ba uzuri ba ne. Ka haddace gabatar da kai na jimla huɗu ko biyar da Japananci, ka rufe da yoroshiku onegaishimasu. Tambayar da ba ta tsallakewa ita ce me ya sa Japan, kuma shekara nawa kake niyyar zama. Tsoronsu su sha wahalar kawo ka ka gudu bayan wata shida.

Idan an ba ka aikin, karanta kwantiragin da alƙalami a hannu. Doka ta ce awa 8 a rana, 40 a mako, abin da ya ƙaru a biya da ƙarin aƙalla kashi 25 cikin ɗari. Wasu kamfanoni suna cusa kuɗin wasu awoyin ƙarin lokaci cikin albashin tun farko, ka tambayi awa nawa ne. Ka tambaya ko za a sa ka a shakai hoken, wato inshorar lafiya da fansho ta ma'aikata. Malamai su tambaya ko ana biyan cikakken albashi a watannin hutu. Daga abin da aka rubuta, ka cire kusan kashi ɗaya cikin biyar na haraji da inshora, ka kuma sa a ranka cewa harajin mazauna gari, kimanin kashi 10, sai a shekara ta biyu yake sallama. Dokar ƙwadago ta hana a rubuta maka tarar barin aiki, kuma ba mai ikon riƙe maka fasfo. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi ya saya maka gurbin aiki, rufe wayarka. A tsarin can kamfani ne ke biyan dillali la'ada.

Mataki na biyar: COE da biza

Wannan gajere ne domin ba kai ke yin sa ba. Kamfanin ko makarantar ce ke nema maka takardar cancanta, COE, a hukumar shige da fice ta Japan, abin da kan ɗauki wata ɗaya zuwa uku. Idan ta fito sai ka nemi biza da ita tare da fasfo da fom, ta hanyar da ofishin jakadancin Japan ya tsara, a Abuja ko Accra ko Yawunde. Harkokin Nijar ofishin Abidjan ne ke kula da su. Wata uku ne wa'adin COE ɗin, dole ka shiga ƙasar a ciki. Kada ka ajiye aikinka na gida ko ka sayar da fili kafin ka gan ta da idonka.

Mataki na shida: guzuri da makonni biyu na farko

Albashin farko yakan zo bayan wata ɗaya, wani wurin har kusan biyu. Haya kuma tana da kafin alƙalami mai nauyi: shikikin kuɗin ajiya ne, reikin kyauta ce ga mai gida da ba ta dawowa, ga la'adar dillali, ga kuɗin kamfanin da zai tsaya maka. A haɗe sukan kai hayar wata huɗu ko biyar, kuma akwai masu gidan da ba sa ba baƙo haya sam. Mafita ita ce ɗakin kamfani, ko gidan haɗaka inda kowa da ɗakinsa ana tarayya a kicin, ko gidajen UR na hukumar gidaje ta gwamnati da ba sa karɓar reikin ba sa neman mai tsayawa.

A manyan filayen jirgi irin su Narita da Haneda da Kansai za a ba ka katin zama, zairyu kado. Doka ce ya kasance a jikinka kullum. Ɗalibi ya nemi hatimin izinin aikin wucin gadi tun a nan filin jirgin. Cikin kwana 14 da samun masauki ka je ofishin gunduma ka yi rajistar adireshi, daga nan layin waya da asusun banki su biyo baya. Bankin gidan waya, Yucho, ya fi sauƙi ga sabon zuwa. Ka tambayi ofishin gundumar ajin Japananci na 'yan sa-kai, kusan kowane gari akwai, kyauta ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Mataki na bakwai: zama a wurin aikin

Kalmomi kaɗan za su riƙe ka a watannin farko. Wakarimasen, ban gane ba. Mo ichido onegaishimasu, a maimaita mini. Abunai, hattara, wadda a masana'anta ko wurin gini rai ce. Otsukaresama desu kuwa ita ce sannu da aiki tasu, kuma yadda muke yawan faɗinta haka suke yi. Babban laifi a wurinsu shi ne ka gyaɗa kai alhali ba ka gane ba, ko ka yi kuskure ka rufe. Suna da kalma, horenso, mai nufin kai rahoto, sanar da abokan aiki, nemi shawara. Baƙon da ke yin waɗannan uku da guntun Japanancinsa ya fi samun yarda a kan mai zuba harshe da ke yanke hukunci shi kaɗai.

Maganar addini ka yi ta tun kafin sa hannu, cikin natsuwa. Juma'a ranar aiki ce, masallatai kuma ba a kowace unguwa suke ba, ko da yake akwai su da dama, daga na Kobe da aka gina a 1935 zuwa Tokyo Camii da ƙananan musallai a garuruwan masana'antu. Ka faɗi minti nawa azahar da la'asar za su ci, ka nemi kusurwa mai tsabta. Shugabanni da yawa sukan yarda idan an yi musu bayani da lissafin lokaci. 'Yar'uwa mai hijabi ta tambaya game da kayan aiki tun a intabiyu. Masana'antar abinci da gidajen cin abinci ba sa rabuwa da naman alade da giya, har miya ana zuba mata giyar girki mai suna mirin, ka san wannan kafin ka karɓa. Cikin kanjin da za ka fara haddacewa ka sa na alade da na giya, saboda karanta bayan fakiti. Liyafar bayan aiki kana iya zuwa ka sha shayin oolong, ba wanda zai tsare ka.

Idan aikin bai yi ba, ana canzawa, izinin zaman naka ne, ba na kamfani ba. Sharaɗi dai ka sanar da hukumar shige da fice cikin kwana 14 da barin aiki, sabon aikin ya kasance cikin irin wanda izininka ya halatta, kuma kada ka wuce wata uku a zaune ba tare da dalili ba, domin ana iya soke izinin. Ofishin samar da aiki na gwamnati, Hello Work, kyauta ne kuma wasu rassansa na da tafinta. A unguwar Yotsuya ta Tokyo akwai cibiyar FRESC, inda jami'an shige da fice da na ƙwadago da masu ba da shawarar shari'a suke a gini ɗaya. Wanda aka danne wa albashi ya tafi ofishin sa ido kan dokar ƙwadago na yankinsa, riƙe da kwantiragi da takardun biya da littafin da yake rubuta awoyin shigarsa da fitarsa, wanda ya kamata ya buɗe tun ranar da ya fara aiki.